Igiyar Kaka Ba Ta Yi Ƙarya Ba

Ban sami jana'izar Kaka ba. An kira ni da hantsin Talata ina wurin aiki a Legas, kafin la'asar har an kai shi makwancinsa, ni kuwa ban iso Talatar Mafara ba sai yammacin Laraba. Na kwana a gidanmu ni kaɗai, domin mahaifiyata, wadda ita ce babbar 'yarsa, tana can wurin zaman makoki. Da gari ya waye na hau babur zuwa ƙauyen nasu na bakin dam, a ƙasar Maradun. Tun daga tashar Legas nake maimaita cewa daga Allah muke kuma gare shi za mu koma, har bakina ya bushe, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Na tarar da tabarmi sun cika ƙofar gida har sun ci hanya. Yadda hanyoyinmu suka zama a shekarun nan, mutum ba ya barin garinsu sai dole, amma ga mutanen Garbadu, ga na Kaya, ga manoman shinkafa daga Bakura su biyar a kan babura biyu. Kawu, ƙanen mahaifiyata kuma limamin unguwar, shi ke karɓar gaisuwa.

"Ya haƙuri, Malam?"

"Haƙuri da godiya."

"Ashe tsoho ya riga mu."

"Wa'adi ya cika."

"Allah shi jiƙai nai, shi sa can ta hi nan."

Da aka shafa, ɗaya daga cikin mutanen Bakura bai tashi ba. Ya gyara zama ya ce da Kawu, "Malam, to yanzu wa za mu tambaya? Kowace shekara kahin mu zuba irin rani sai mun aiko mun ji ko ruwa za shi kai ƙarshen kanal. In yac ce a rage gona, sai mu rage, kuma ba mu taɓa da-na-sani ba. Bara da bana dai munka aiko, yac ce shi ya bar wanga aiki. Ba mu san dalili ba."

Kawu ya ce tsufa ne. Ni na sunkuyar da kai, domin na san ba tsufa ba ne.

Daga cikin gida mahaifiyata ta aiko a kira ni in gaida wata tsohuwa da ta tako da ƙafa tun daga Kaya. Shekarun baya ɗanta ya nutse a dam, masu nema suka gaji suka koma gida. Kaka ne ya ƙi fitowa. Ta ce mini, "Kwana uku shina bisa ruwa da ƙugiya tai, har yas samo mini shi munka yi mai sutura awa kowane Musulmi. Nik kai mishi akuya, yam maido min da ita har gida, yac ce ya ga tana kukan ɗiyanta." Ta yi dariya, sannan ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

Kowa ya shigo sai an nuna masa ni. Ga jikan nan nasa mai aikin teku, wanda yake ji da shi. Aka matsa mini wuri a tabarmar manya. Na zauna ina amsa gaisuwa, alhali abu biyu ne suka cika mini ciki. Na farko magana ce da na riƙe wata takwas ina jiran in faɗa masa ido da ido, ga shi babu idon. Na biyu littattafansa. Na yi niyyar ko me za a yi ba zan bar ƙauyen nan ba sai da su a jakata.

Kaka masunci ne ɗan masunta. Gajere, mai faɗin ƙirji, kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya, don haka in ba ya son magana sai ya juyo maka da shi. Yana matashi mai 'ya'ya biyu aka gina dam, ruwa ya hau ya rufe tsohon ƙauyensu, aka maido su kan tudu. Bai taɓa ba ni labarin tashin ba. Da an taɓo zancen sai ya ɗauki butarsa, ko da bai daɗe da alwala ba. Mutum ne mai zurfin ciki, irin wanda sai ka shekara kana zaune da shi ba ka san ka ɓata masa ba.

Amma bai bar ƙauyen ba, ta sama kawai ya koma ziyartarsa. Wurare bakwai yake da su a kan ruwan, kowanne da sunan abin da ke ƙarƙashinsa: Masallaci, Maƙera, Tsamiyar Kasuwa, Gidan Baba, Rijiya, Fadama, Maƙabarta. Kai ruwa kawai za ka gani, fari fat ko'ina iri ɗaya. Shi kuwa sai ya dubi wani dutse a gabas, ya dubi wata giginya a kudu, ya ja filafili sau biyu ya ce, "Mun iso Maƙera." Kowane wata, washegarin tsayuwarsa, sai ya fita ya auna zurfin wuraren nan bakwai. Kafin ya shiga jirgi yakan duba inda ruwa ya tsaya a jikin wani falalen dutse da ya yi wa zane-zane a bakin gaɓa. Kayan aikinsa igiya ce mai ƙulli a kowace gaba, wato tsawon hannuwansa biyu in ya ware su, da ɗan dutsen niƙa ɗaure a ƙarshenta. Ya saki dutsen ya tafi har ya tsaya, ya ƙirga ƙulli, ya jawo, ya duba iya inda laka ta ɓata igiyar. A Maƙabarta kaɗai ba ya sakin dutsen haka nan. Sai ya yi sallama tukuna, sannan ya zura shi a hankali. Ya ce ba a jefa wa mutane dutse bisa kai.

In ya dawo gida, kafin ya ci komai, sai ya rubuta. Da ajami yake rubutu, da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa, a cikin littattafan rubutu irin na 'yan makaranta. Kowane shafi da Bisimilla yake buɗe shi. Kakata, wadda muke kira Inna, ita ke ajiye su a adakarta tare da zannuwan fita. Ta kan ce, "Mazan mutane su tahi ruwa su dawo da tarwaɗa, nawa shi dawo da rubutu. Halan shi za mu sa a miya." Ya fi shekara arba'in yana wannan. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa ce masa sannu da aiki daga wani ofis. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Ina son in san nawa ne tsakanina da gida."

Ni da shi kuwa ba a shiga tsakaninmu. Jika da kaka, kowa ya san wasan da ke nan. Shi ya ce mini ragon Mafara mai tsoron ruwa, wanda ke zuwa hutu don ya ƙwace masa mata. Ni in ce masa tsoho mai ran ƙarfe, ka tafi mana ka bar mini gidan da jirgin. Inna ta ce ita dai ta zaɓi sabon jini. A gaban kowa muke yi, ba mai cewa na yi rashin kunya, domin haka aka gada. Ban taɓa tunanin wasan yana da gaɓa ba.

Da na gama sakandare na ce ilimin teku zan karanta, gidanmu aka yi ta mamaki, ɗan Zamfara da teku. Kaka bai taɓa ganinta ba har ya koma ga Allah. Ya ce, "Ruwan da bai kashe ƙishirwa, mi za ka karanta ciki nai?" Amma shi ya fara cewa a bar ni in tafi. Hutuna na farko na kawo masa ruwan teku a gora. Ɗabi'arsa ce ɗanɗana ruwa, ko rijiyar wani gari ya je sai ya kurɓa ya faɗi halinta. Ya kurɓi nawa, ya juya shi a baki, ya tofar, ya ce, "Ikon Allah. Ashe kihin can tun cikin ruwa anka yi mai miya."

Bayan na kama aiki a wata cibiyar binciken teku, ba abin da yake so kamar in zauna in ba shi labarin na'urorinmu. Na gaya masa akwai waɗanda ake saki a tsakiyar teku su yi ta yawo su kaɗai, su nutse can ƙasa su auna ɗumin ruwa da gishirinsa, bayan kwanaki su taso su aika da saƙo ta tauraron ɗan'adam, su sake nutsewa. Ya sa musu suna 'yan aike. Na gaya masa akwai ƙaramin jirgi marar matuƙi da ke shiga inda mutum ba ya iya kaiwa ya ɗauko hoto. Wannan kifin ƙarfe yake ce masa. Ba ya musu, ba ya raina su, sai dai kullum tambayarsa ɗaya ce.

"To wa ka duba su in sun yi ƙarya?"

"Wata na'urar ce ke duba su, Kaka."

"Ɓarawo shaidar ɓarawo ke nan."

Shekara biyu da suka wuce, da hutun babbar Salla, na aro wata ƙaramar na'urar auna zurfi daga wurin aiki na zo da ita. Ba ta fi kwanon sha ba. Ana maƙala ta a gefen jirgi, ta aika sauti ƙasa, ta saurari dawowarsa, ta rubuta zurfin a kan allo kamar na waya. In faɗi gaskiya, ba don bincike na kawo ta ba. So nake a gani.

An kuwa gani. Ranar da muka fita, jirage uku suka bi mu, cike da masunta manya da matasa. Har da aminin Kaka, wani tsoho mutumin Dosara da muke kira Baba, wanda suka fara su tare tun kogi yana kogi. Kaka ya kai mu Masallaci. Ya saki dutsensa, ya ƙirga, ya ce gaba shida. Na kunna tawa, na auna hannuwansa da tef don kada a ce an yi coge, na mayar da mita zuwa gabarsa. Biyar da rabi. Muka je Maƙera, nasa ya fi nawa da kusan rabin gaba. Tsamiyar Kasuwa, haka. Matasa suka fara ƙus-ƙus.

Kaka ya jawo igiyar ya miƙo mini ƙarshenta, baƙi ƙirin da laka. Ya ce, "Dubi nan, jika. Abar taka ta tsaya bakin ƙohwa, dutsena ya shiga ɗaki."

Ban duba ba. Idona yana kan allo, kunnena yana kan matasan da ke jiran in yi magana. Na ɗaga murya yadda jirgi na uku zai ji, na ce, "Kaka, igiyarka ta tsufa kamar mai ita. Ashe shekara arba'in ƙarya kake rubutawa, kuma ka ɗora mata Bisimilla a kai!"

Aka kwashe da dariya har jirage suna rawa. Shi ma ya yi. Ya ce, "Ja'iri, yau ka ci ni." Ya naɗe igiyarsa a gwiwar hannu kamar kullum, ya ce a koma, rana ta yi. Baba kaɗai na lura bai yi dariya ba, yana ta kwarfar ruwa daga jirginsa wanda ba ruwa a ciki. Da zan koma Legas Kaka ya cika mini kwali da bandar kifi, ya raka ni har bakin hanya, ya ce in gaida 'yan aike. Na tafi ina jin na yi wasan jika mai daɗi.

Bayan wata uku Inna ta gaya mini a waya cewa ya daina zuwa awo. Na ce madalla, ai ya kamata ya huta.

Wata takwas kafin rasuwarsa aka tura mu auna hanyar manyan jirage a wani bakin kogi, inda yake shiga teku. Na'urar da ke jirginmu sabuwa ce, mai murya biyu, siririya da kakkaura. Da aka kunna sai ga layi biyu a kan allo maimakon ɗaya, da tazara tsakaninsu. Shugabarmu, wata mata da ta tsufa a aikin, ta ce in duba da kyau. Siririyar murya tana dawowa da zarar ta taɓa saman laka mai ruwa-ruwa, irin wadda take kamar kunun da ya kwana. Kakkaurar ita ke ratsa lakar ta kai ƙasa mai tauri. Na san wannan a takarda tun ina makaranta, na ma rubuta shi a jarrabawa na ci. Ban taɓa haɗa shi da dam ɗinmu ba. Sannan, a cikin jirgin nan mai cike da kwamfutoci, ta sa aka ɗaura ƙarfe a waya aka zura, don a ga layin da ya faɗi gaskiya. Ƙarfen ya wuce layin farko ya je ya tsaya kusa da na biyu, ya fito da baƙar laka a jikin wayar.

Ƙaramar na'urar da na kai gida siririyar murya kaɗai gare ta. A bakin ƙofa ta tsaya.

Don in rage nauyin abin, na ba shugabar labarin Kaka da sigar raha. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni shekara nawa ya yi yana aunawa. Na faɗa. Wuri ɗaya kullum? Na ce wurare bakwai, ba sa canzawa. Yana rubuta tsayin ruwan ranar? Yana rubuta kaurin lakar? Na ce duka. Ta cire tabarau ta dube ni kamar wanda ya ce yana da rijiyar zuma a gida amma ya manta inda take. Ta ce duk na'urorin da ke jirgin nan yau kaɗai suke gani, ba wadda za ta iya gaya mana jiya. Ta ce da littattafan nan za a san saurin da laka ke cika dam, a san shekarun da suka rage wa gonakin da ke shan ruwansa. Ta ce, "Je ka ka ɗauko su, ka durƙusa ka roƙe shi ya karanta mana da bakinsa."

A ranar ya kamata in kira shi. Wayar tana aljihuna. Na kuwa kira shi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, a cikin watannin nan takwas.

"Ina kwana, Kaka?"

"Lahiya lau, ragon Mafara. Ya aiki? Ya ruwanku?"

"Lafiya lau. Ya naku?"

"Shina nan inda ka bar shi."

Sai in buɗe baki, sai in ce a raina a'a. Abin da aka ɓata a gaban mutane, a gaban mutane ake gyara shi. Bari in je, in tara masuntan nan, in faɗa kowa ya ji. Da ƙaramar Salla na shirya, mahaifiyata ta ce kada in kuskura, hanya ba ta da kyau a makon. Da babbar Salla muna kan teku. Dalilan duk gaskiya ne, amma ba su ne dukan gaskiyar ba. Akwai girman kai a ciki. Ina son in zo da takarda da hoton layi biyu, in yi bayani, in fito a malamin da ya gano kuskurensa da kansa. Kalma huɗu a waya ta fi ƙarfina: Kaka, na yi kuskure.

Ranar da na iso ita ce ta uku. Bayan an yi addu'a an watse na shiga wurin Inna. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, carbi a hannu, ta rame. Muka yi gaisuwa, muka yi kuka. Da na ga ta ɗan natsu na ce, "Inna, littattafan Kaka fa? Ina son in gan su."

Ta nuna mini adakar da haɓa. Na buɗe. Zannuwa ne kawai, sai ƙanshin turare.

"Tambayi kawunka," ta ce. "Ni ban da bakin hwaɗi."

Na sami Kawu a zaure shi kaɗai yana cin goro. Na tambaye shi zancen littattafan. Kawu mutum ne mai taushin magana, ko yaro ba ya yi wa tsawa. Ya ce in zauna.

"Watan jiya, da jiki ya hwara ƙi mishi, yak kira ni. Yac ce in ɗauko su duka, mu tahi bakin ruwa."

Nan take wani tunani ya zo mini. Mu da muke nemo jirgin da ya nutse a ƙasan teku, buhun littattafai a dam zai gagare mu? Na ce, "Kawu, a ina kuka jefa su? A buhu ne? In an ɗaure da kyau ana iya samo su. Akwai na'urar da..."

Ya ɗaga mini hannu.

"Ba jehwa su munka yi ba. Wanke su yay yi. Awa yadda aka wanke allo."

Ban gane ba sai da ya sake faɗa. Kaka ya zauna a kan falalen dutsen nan nasa, ya riƙa yage shafi ɗaya-ɗaya, ya tsoma a ruwa, ya murza da tafin hannu har tawadar ta bi ruwa, sannan ya ajiye farar takardar gefe. Tawadar gida ce, ba ta gardama da ruwa. Safiya uku suka yi. Takardun da suka bushe Kawu ya haƙa rami ya binne.

"Nic ce mishi, Baba, a bari yaron ga shi zo, wataƙila suna da amfani wurinsu. Yac ce ai ya gani, kuma ya hwaɗi. Nic ce wasa na, wasan jika. Yac ce ya san wasa na, amma na'ura ba ta wasa." Kawu ya share baki. "Abin da ad damuwa tai ba awon ba na. Bisimillan nan ta. Yac ce in dai ƙarya ta, bai son ta tsaya mishi ranar hisabi da sunan Allah bisa kanta. Yac ce shi bai yi da gangan ba, amma gara shi wanke abinai da hannu nai tun shina da rai."

Na ce, "Kawu, ba ƙarya ba ce. Ni ne na yi kuskure. Na sani tun wata takwas."

Ya dube ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Can ya ce, "Ya yahe ma kowa kahin shi cika. Da bakinai yac ce har da ragon Mafara."

Na san ya yafe. Ba yafiyar ke hana ni barci ba. Mutumin nan ya wanke aikin shekara arba'in da hannunsa yana neman gafarar Allah a kan laifin da bai yi ba, ni kuwa ina Legas da amsar a aljihu ina jiran ranar da za ta yi mini kyau. An ce magana zarar bunu ce. Ni na zara, kuma aka ba ni wata takwas in mayar, na tsaya gyaran riga.

Ranar addu'ar bakwai masunta suka zo da yawa, har da matasan da ke cikin jiragen nan uku. Baba ya zo daga Dosara, an riƙo shi a babur, ya zauna jingine da bango. Bayan an yi addu'a, kafin a tashi, na roƙi Kawu izini na miƙe. Ban kawo takarda ba, ban kawo hoto ba. Na ce wasunku suna nan ranar da na ce igiyar Kaka ƙarya take yi. Na ce na'urata ce ta tsaya a saman laka, dutsensa ne ya kai ƙasa. Na ce manyan masana aikin, da jiragensu da kwamfutocinsu, har yau ƙarfe suke zurawa su duba na'ura, kamar yadda yake yi. Na ce duk abin da ya rubuta daidai ne, ni ne maƙaryacin, ku shaida.

Matasan suka dubi ƙasa. Sai Baba ya gyara murya.

"Yaro, zamna. Wa kaka gaya ma? Mu mun sani. Duk wanda yat taɓa kahwa gora cikin dam ɗin ga ya san akwai laka. Ranar nan dariyar jika da kaka munka ɗauka, ba ta awo ba. Ni da kaina na tahi har gida nic ce mishi, kai ad da gaskiya, rabu da yaro." Ya tsaya ya ja numfashi. "Yac ce min, ni da kai ba mu yi boko ba. Shi munka aika ya karanto muna ruwa. In ban yarda da shi ba, don mi munka aike shi?"

Na zauna. Kawu ya ɗaga hannu ya ce a ƙara masa Fatiha, aka ɗaga.

Na rubuta wannan ne don kada a manta cewa a bakin dam ɗin nan an yi wani masunci da ya auna ruwa wata bayan wata fiye da shekara arba'in, kuma bai yi kuskure ba. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ya Allah ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka haɗa shi da iyayensa da ya daɗe yana yi wa sallama daga saman ruwa. Kai ka san abin da ke cikin littattafan nan harafi da harafi, ruwa bai wanke maka komai ba. Ka sanar da shi gaskiya ya rubuta, tun da ni ban gaya masa ba.